Waƙafi Mai Ruwa: Inda Nake Sa Shi da Inda Nake Ƙyale Shi

Ƙaramin yatsana na hannun dama ne ya fara sanin waƙafi mai ruwa, tun kaina bai san amfaninsa ba. Duk wanda ya koyi bugun tafireta zai gane abin da nake nufi. Yatsu huɗu na hagu suna zama a kan a, s, d, f; uku na dama suna kan j, k, l; ƙaramin da ya rage kuwa, mazauninsa wannan alama ce mai ɗigo a sama da wutsiya a ƙasa (;). Mun yi makonni muna buga layin nan shi kaɗai a wani ɗaki da ke bayan Terminus, cikin hunturun Jos, yatsu duk sun ƙage don sanyi, sai takarda ta cika gaba da baya a ba ka wata. Malamarmu ba ta taɓa yi mana bayanin aikin alamar ba. Ita dai burinta kada idonmu ya sauka kan yatsunmu.

Yau shekara 20 da ɗoriya ke nan ina buga wa mutane takardu. Tafireta ta tafi, kwamfuta ta zo, amma alamar tana nan inda na san ta, maƙwabciyar L. Abin da ke bi ta hannuna a shago ba ya ƙirguwa: katin biki, yarjejeniyar sayen fili, rahoton taron ƙungiya, jawabin walima, tsarin sujadar coci da Hausa, kundin ɗaliban jami'a, da labaran 'yan mata masu rubuta littafi a waya. A cikin duk alamomin rubutu babu wadda nake ƙauna kamar waƙafi mai ruwa, kuma babu wadda nake gogewa daga takardun mutane kamarta. Aikinta biyu ne kacal. Wanda ya san biyun nan zai ji daɗinta. Wanda bai sani ba gara ya bar ta ya riƙe aya.

Kafin aikin, sunan. Ina son sunayen da Hausa ta ba alamomin nan domin daga makarantar allo suka fito. Aya ita ce ayar da muka sani, inda karatu ke sauka. Waƙafi shi ne tsayawar mai karatun Alƙur'ani, ya ja numfashi ya ci gaba. Ruwa kuwa ɗigo ne, kamar yadda ake ce wa yaro ha mai ruwa idan ana nuna masa baƙin da ke da ɗigo a ka. Saboda haka ruwa biyu ɗigo biyu ne (:), waƙafi mai ruwa kuma waƙafi ne da aka ɗora wa ɗigo. Sunan da kansa ya faɗi aikin: tsayawa ce da ta fi ta waƙafi nauyi, amma ba ta kai saukar aya ba.

Ita alamar kanta baƙuwa ce a wurinmu. Wani mai ɗab'in littattafai a birnin Benis na Italiya, Aldus Manutius, shi ya fara buga ta da wannan aiki a shekarun 1490. Larabawa ma daga baya suka karɓe ta, bayan Ahmad Zaki Basha ya tsara wa Larabci alamomin rubutu a Masar a 1912, kuma su a kife suke rubuta ta (؛). Girkawa kuwa da siffarta suke yin alamar tambaya. Mu ta boko ta zo mana. Wasiƙun ajami na kakanninmu ba su da ita. Kalmomi irin su bayan haka, sa'an nan, da to, su ke nuna wa mai karatu inda zance ya juya. Hans Vischer, wanda aka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko a 1912, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya a 1939, aka kuma yi tarukan daidaita rubutu a Bamako a 1966 da Yamai a 1980. Galibin abin da aka zauna a kai baƙaƙe ne da rabon kalmomi. Shi ya sa yawancinmu a ajin Turanci muka tsinci dokar waƙafi mai ruwa, muka ɗauko ta ɗungurungum muka aza wa Hausa, alhali tafiyar jimlar Hausa daban ce. A nan yawancin ɓarnar take, kuma zan dawo kanta.

Aiki na farko shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne wanda rashinsa ke jawo rigima: raba jeri.

Wani dattijo daga cikin 'yan gwari na Farin Gada ya taɓa kawo mini tsarin walimar 'yarsa, an rubuta da biro a bayan takardar siminti. A wurin manyan baƙi ga abin da aka sa: kawun amarya, shugaban 'yan dankali, wan ango, limamin unguwa, kakar amarya, uwar taro. Na karanta sau biyu, sannan na ce, "Baba, kujera nawa za a jera a gaba?" Ya ce, "Uku mana, 'yata." To a takarda mutum shida ne. Kawun amarya shi ne shugaban 'yan dankalin, wan ango shi ne limamin, kakar amarya ita ce uwar taron. Shi ya san haka domin danginsa ne, amma mai gabatarwa da za a ɗauko daga Bukuru bai san kowa ba, kuma da zai tsaya yana kiran mutum shida ana kallon juna. Ga yadda na buga:

kawun amarya, shugaban 'yan dankali; wan ango, limamin unguwa; kakar amarya, uwar taro.

Dokar ita ce wannan. Idan kana jera abubuwa, kuma ko da ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da waƙafi a cikinsa, to ka raba manyan da waƙafi mai ruwa, ka bar wa ƙananan waƙafi. In ka fara, ka kai shi har ƙarshen jerin. Kada ka sa a biyu ka manta na uku. Idan kuma babu waƙafi a cikin kowane ɗaya, ba ka bukatarsa ko kaɗan. Hasali ma Hausa tana da nata hanyar jeri da ba ta neman kowace alama: da gero da dawa da masara. Wannan "da" ɗin ya riga ya yi aikin, ba sai an bi shi da waƙafi ba.

Inda na fi tsananta wa kaina a kan wannan doka shi ne takardar fili. Kowa ya san yadda ake rubuta iyaka: gabas kaza, yamma kaza. Duba wannan da waƙafi kaɗai:

gabas, gidan mai unguwa, yamma, hanyar mota, kudu, rafi, arewa, filin makaranta.

Wanda ya san filin ba zai ruɗe ba. Amma takardar fili ba don yau ake rubuta ta ba. Don ranar da mai sayarwa da mai saye da shaidu duk sun kwanta dama ake rubuta ta, jikoki su ɗauko ta daga ƙasan akwati. Idan layi ya karye a wani wuri, ko tawada ta cinye kalmar farko, mai karatu yana iya haɗa gidan mai unguwa da yamma, hanyar mota da kudu, ya juya filin gaba ɗaya. Da waƙafi mai ruwa kowace kusurwa ta riƙe abinta:

gabas, gidan mai unguwa; yamma, hanyar mota; kudu, rafi; arewa, filin makaranta.

Ɗigo uku ne kawai aka ƙara. Haka nake yi wa lissafin kuɗi, da jerin shaidu da unguwanninsu, da rabon kayan gado idan an kawo mini in buga.

Aiki na biyu shi ne wanda ya sa nake ƙaunarta, kuma shi ya fi bukatar kunne. Waƙafi mai ruwa yana haɗa jimla biyu cikakku waɗanda kowacce za ta iya tsayawa da ƙafarta, amma sun jingina da juna har raba su da aya zai rage wani abu.

Na daina ba shi bashi; na bara ma bai biya ba.

Kada ku yi lodin tumatir da tsakar rana; kafin a kai Abuja ya narke.

Ita ta yi girkin; shi ya karɓi godiyar.

A ta farko da ta biyu akwai "domin" da ba a furta ba. A ta uku akwai "amma" da aka haɗiye, kuma haɗiyewar ce ta ba maganar zafi. In ka rubuta "amma" ɗin, ka yi wa mai karatu bayani. In ka bar waƙafi mai ruwa, ka ajiye masa abu biyu gefe da gefe ya auna da kansa. Bahaushe ya saba da irin wannan zance. Ka saurari tsofaffi suna sasanta rigima za ka ji shi: a faɗi wannan, a ɗan yi shiru, a faɗi wancan, a bar ka da su.

Ga yadda nake gwadawa kafin in sa. Da farko ina ɗora aya a wurin, in karanta kowane ɓangare shi kaɗai. Idan ɗaya ya faɗi, ba wurinsa ba ne. "Idan ka iso Mararrabar Jama'a; ka kira ni" kuskure ne, domin "idan ka iso Mararrabar Jama'a" ba magana ba ce tukuna, mai sauraro yana nan yana jiran sauran. Duk yankin da ya fara da idan, ko in, ko da, ko tun da, ko ko da, waƙafi ne ke bin sa. Idan kuwa duka biyun sun tsaya, sai in tambayi kaina ko ayar ta yanke wata igiya da ke tsakaninsu. In ba ta yanke komai ba, in bar ayar. Sau da yawa haka ake ƙarewa.

Akwai wata kalma da ke yi mini ishara, ita ce "kuwa". Duk inda ka ji jimla ta biyu ta ɗauko wani abu ta bi shi da kuwa, ko ma, ko kuma, to ana auna shi ne da na baya. Dankalin Bokkos ya iso; na Mangu kuwa sai jibi. Motar farko ta cika; ta biyu ma saura mutum ɗaya. A ganina wannan "kuwa" ita ce waƙafi mai ruwan Hausa tun kafin boko ya zo, kuma alamar tana zama a gabanta kamar an auna.

Yanzu ga inda dokar ajin Turanci ke kai mutane ta baro. An koya mana cewa jimla biyu cikakku ba a haɗa su da waƙafi kaɗai. Sai ɗalibi ya zo rubuta Hausa, ya ga kowane yanki yana da mai aiki da aikinsa, ya rubuta: ya shigo shago; ya ajiye takarda; ya fita. Na sha ganin wannan a kundin ɗalibai, musamman masu ƙoƙarin cikinsu, waɗanda suka riƙe dokar da kyau. Amma wannan ba jimla uku ba ce da ke fuskantar juna. Sarƙa ce, aiki na bin aiki, kuma haka Hausa ke ba da labari. Waƙafi ne abincinta: ya shigo shago, ya ajiye takarda, ya fita. Wani lokaci ma ko waƙafin ba a so: ya tashi ya tafi.

Dabarar da nake koya wa yaran shago ita ce su mayar da maganar jam'i. A baki "ya" iri biyu ce, doguwa da gajera, amma boko ba ya nuna tsawon wasali, don haka a takarda kamarsu ɗaya. Jam'i kuwa ba ya ɓoyewa: ko dai "sun", ko "suka". Ka mayar da waccan: suka shigo shago, suka ajiye takarda, suka fita. Da zarar "suka" ta buɗe yanki ita kaɗai, ba kowa a gabanta, to labari ne ke tafiya, kuma abin da ke tsakanin yankunan "sannan" ne kawai. Ka sa waƙafi in abin da sauri ya faru, ka sa aya in an shiga sabon mataki, amma waƙafi mai ruwa ba shi da hurumi a nan. Haka umarni yake: ka je, ka gaishe shi, ka dawo. Sai dai a kula da irin "su suka yi girkin; mu muka wanke kwanuka". Wannan "suka" tana da mai ita a gabanta, ana nuna wanda ya yi ne, ba sarƙar labari ba ce, don haka alamar ta zauna daidai.

Idan mahaɗi yana nan a rubuce, yawanci ya wadatar. Gaban amma, sai, domin da saboda, waƙafi ya isa. Ina ɗaga shi zuwa waƙafi mai ruwa ne kawai idan ɓangarorin biyu dogaye ne, kowanne da nasa waƙafin a ciki, har mai karatu zai rasa inda babbar gaɓar take. A irin wannan hali, gaban "sai dai" ko "duk da haka" ko "saboda haka" wuri ne mai kyau.

Karin magana kuma ina barin ta da waƙafinta, ko da ɓangarorinta biyu cikakku ne. Ban ci nanin ba, nanin ba za ta ci ni ba. Da numfashi ɗaya ake faɗin ta, kuma waƙafi mai ruwa zai sa mata nauyin da ba nata ba.

Kuskuren da na fi gyarawa a shago, fiye da duk waɗannan, shi ne sa waƙafi mai ruwa a gurbin ruwa biyu. Kusan kowace rana sai na ga "kamar haka;" ko "Suna;" ko "Ranar ɗaurin aure;". Na san dalili ɗaya: a kwamfuta maɓallinsu ɗaya ne, kuma sai an danne Shift ruwa biyu ke fitowa, wanda ya yi sauri sai ya sami ɗan'uwansa. Amma aikinsu ya bambanta. Ruwa biyu yatsa ne mai nuni gaba, yana cewa ga shi nan tafe. Idan za ka iya sa "wato" ko "ga su" a wurin, ruwa biyu ne. Abin nema ya samu: matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Ɓangare na biyu shi ne abin neman da aka ambata, ba wata magana ba ce daban da ake aunawa da ta farko. Waƙafi mai ruwa ba ya gabatar da jeri, ba ya gabatar da zancen wani, ba ya bin kan magana.

Duk wannan bayani ba zai yi aiki ba sai an haɗa da kunne, kuma wannan wani tsohon malamin firamare ne ya koya mini. Shi ke kawo rahoton kwamitin masallacin unguwarsu duk wata. Ba ya karɓar takarda ya tafi. Sai ya ja benci ya zauna, ya jingina sandarsa da bango, ya rufe ido ya ce, "Karanta mini, 'yata, yadda kika sa alamominki." Ina karantawa yana saurare. Inda na sa waƙafi amma muryata ta sauka, sai ya ɗaga yatsa. Inda na sa aya amma na zarce ban huta ba, sai ya ɗaga yatsa. A wurinsa na lura da abin da nake yi kullum ban sani ba: muryar mai Hausa tana farawa sama ne ta riƙa gangarowa har ƙarshen jimla. A waƙafi muryar tana rataye, ba ta kai ƙasa ba. A aya ta sauka, an ja numfashi, an sake hawa. A waƙafi mai ruwa kuwa ta sauka, amma ba a saki numfashin ba, domin bakinka ya san akwai sauran rabin magana. Ka saurari mai karanta labarai a rediyo da wannan a ranka, za ka iya rubuta alamominsa ba tare da ka ga takardarsa ba. Malam ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa, amma har yau ba na miƙa wa kowa takarda mai muhimmanci sai na karanta ta a bayyane, ko da a hankali ne ƙasa-ƙasa saboda mutanen da ke jira.

Sauran alamomin ba zan daɗe a kansu ba, sai biyu da Hausa ba ta iya yi ba tare da su ba. Ɗaya waƙafin kira. Yarinyar shagona ta taɓa turo mini saƙo ina asibiti da yaro: "Anti ta karɓi katin." Yayata ma Anti take ce mata, sai na ɗauka ita ce ta biya ta shagon ta karɓa, na kira ta ina tambayar inda za ta kai katin mutane. Ashe ni yarinyar ke kira, amarya ce ta zo da kanta. "Anti, ta karɓi katin." Duk sunan da aka kira mai shi da shi, a raba shi da waƙafi. Ta biyu alamar tambaya. "Ya biya" da "Ya biya?" kalmominsu ɗaya, murya ce kaɗai ta raba su, kuma takarda ba ta da murya. Amma "na tambaye shi ko ya biya" labari ne, aya ce ƙarshensa.

Wajen bugawa, ba a barin fili kafin alamar, ana barin fili ɗaya bayanta, kuma kalmar da ta biyo da ƙaramin baƙi take farawa sai in suna ce. A waya tana cikin shafin lambobi da alamomi. Zancen wani kuma a riƙa sa shi cikin alamar zance mai ƙugiya biyu, domin mai ƙugiya ɗaya tana rikicewa da alhamzar da ke cikin jama'a da sa'a da 'ya'ya, wadda baƙi ce, ba alamar tsayawa ba. Microsoft Word yana da halin juya alhamzar farkon kalma ta fuskanci baya; in ya yi haka, ka danna Ctrl da Z nan take, za ta miƙe.

Ga masu rubuta labari a waya, waɗanda nake karanta aikinsu da sha'awa domin wasunsu suna da baiwar da ba a saye: ku fara da aya. Na sha karɓar babi guda babu aya ko ɗaya, sai ɗigo bakwai a nan, waƙafi huɗu a jere a can. Zarce ɗigo uku ne, kuma wurinsa inda magana ta katse ko aka bar ta a buɗe. Idan ya zama shi ne aya, shi ne waƙafi, shi ne numfashi, ranar da jarumarki za ta kasa ƙarasa magana don kuka ba ki da abin da za ki nuna shi da shi. A cikin hirar mutane kuma ina guje wa waƙafi mai ruwa, domin masu faɗa da masu zolaya gajerun jimloli suke jifan juna da su. Haka jawabin da dattijo zai karanta a gaban taro: ina yanka masa shi gajere-gajere da aya, don idonsa ya sami wurin hutawa.

Ni kaina, saboda son da nake mata, ina da ƙa'idar da na ɗora wa hannuna. In na gama rubutu sai in sa kwamfuta ta nemo mini duk inda alamar take, in bi su ɗaya bayan ɗaya in musanya da aya in karanta. Wadda aka cire ba a ji rashinta ba, ta tafi ke nan. In ban da jeri, ba na son ganin fiye da ɗaya a jimla guda.

Bari in nuna yadda aikin ke tafiya a kan takarda ɗaya. Sakataren wata ƙungiyar 'yan kasuwa ya turo mini wannan ta WhatsApp in buga:

an buɗe taro da addu'a shugaba ya ce kuɗin wata bai shigo ba mutum 12 ne kawai suka biya ma'aji ya kawo lissafi kuɗin haya naira 40,000 na wata biyu kuɗin wuta naira 9,000 har da bashin baya kuɗin mai gadi naira 15,000 mata sun amince a ƙara kuɗin wata maza kuwa sun ce a jira bayan salla aka yi addu'a aka tashi

Ba na fara neman wurin waƙafi mai ruwa. Aya nake fara sawa, duk inda murya ta sauka aka koma wani batu: bayan addu'a, bayan suka biya, bayan kuɗin mai gadi, bayan salla, da ƙarshe. Sannan in duba ko akwai tambaya, babu. Sannan ruwa biyu, bayan "lissafi", domin ga shi nan tafe. Sannan waƙafi. Sai a ƙarshe in ga abin da ya rage:

An buɗe taro da addu'a. Shugaba ya ce kuɗin wata bai shigo ba; mutum 12 ne kawai suka biya. Ma'aji ya kawo lissafi: kuɗin haya, naira 40,000, na wata biyu; kuɗin wuta, naira 9,000, har da bashin baya; kuɗin mai gadi, naira 15,000. Mata sun amince a ƙara kuɗin wata; maza kuwa sun ce a jira bayan salla. Aka yi addu'a, aka tashi.

Na tsakiya jeri ne, ba gardama. Na mata da maza "kuwa" ce ta kira shi. "Aka yi addu'a, aka tashi" sarƙa ce, ta sami waƙafinta. Wanda na daɗe a kansa shi ne na farko. Na gwada aya, jimlolin biyu suka tsaya, amma sai "mutum 12 ne kawai suka biya" ta fita daga bakin shugaba ta koma kamar sakatare ne ke faɗin nasa. A rahoton taro wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wata rana za a tambayi wa ya faɗi adadin. Waƙafi mai ruwa ya riƙe ta a cikin maganar shugaba, sai na bar shi.

Saura abu ɗaya da alama ba ta iya warwarewa. "Na wata biyu" yana zaune ne tsakanin haya da wuta, kuma duk gefen da na sa waƙafi mai ruwa, can na tura kuɗin. Hankalina ya fi ba ni haya, amma ba ni na halarci taron ba. Na ɗauki waya na kira sakataren. "Malam, wata biyun nan, na haya ne ko na wuta?" Ya yi shiru, na ji yana buɗe littafi, sannan ya ce na haya ne, na wuta wata ɗaya ne da ragowar bashi. Na ce to, na sa alamar bayan "biyu", na fitar masa da kwafi 30.